Cokalin Farko na Malam Tanimu

Tun da aka daina turo masu duba shagunan haɗa magani, doka ɗaya ta rage a garin: wanda ya haɗa, shi zai fara sha a gaban mai saye. Manyan shaguna suka ɗauki hayar masu sha. Malam Tanimu, tsohon mai haɗa magani, ya ƙi.

Ladidi ta zo karɓar maganin zuciyar jaririnta. Ya haɗa, ya cika cokali, ya shanye.

"Baba, hannunka rawa yake yi," in ji ta.

"Ya daɗe yana yi, 'yata. Amma ba uwar da ta taɓa dawo mini da kuka."

Sai da suka zauna na ɗan lokaci, ta ga bai faɗi ba, sannan ya miƙa mata kwalbar yana murmushi.