Dawa Ta Ƙi Yin Ciki

Shekara uku ke nan da wani tauraro ya fashe, haskensa ya kore dare daga duniya. Da hantsi Tanimu ya je gidan Inna Kuluwa, ungozomar ƙauyensu, wadda yanzu ta koma rina baƙin yadi.

"Inna, a yanko mini kamu ashirin in lulluɓe ko kunya biyu ce a gonata. Dawata ta fi ni tsawo, amma ta ƙi yin ciki."

"Ai sai ta kwana a duhu, ɗan nan."

Ta ɗauko askar yankan cibi, duk ta yi tsatsa, ta hau tsaga yadin. Tanimu ya shiga lissafin rabonsa da cin naman suna.

"Na ƙara maka kamu biyar," in ji ta, kanta a sunkuye. "Ka lulluɓe ɗakin matarka da shi."