Dodo Mai Ruwa a Ka

Hambali na zaune a teburinsa a bakin titin 125th Street, yana shafa koren fenti a jikin wani ɗan dodon dalma da bai kai babban yatsa ba, irin wanda masu wasan dara na Turawa ke saya a wurinsa. Sai ga inuwar Zalika a kan aikin. Tun da ya yi mata maganar aure ba ta ce masa uffan ba.

"Wannan kuma wane mummuna ne?" ta tambaya.

"Kappa, dodon ruwan Japan. Kin ga ramin nan a tsakar kansa? Ruwa ne a ciki, nan ƙarfinsa yake. Amma akwai shi da ladabi. In an rusuna masa dole ya rusuna, ruwan ya tsiyaye, shi ke nan ya zama abin tausayi."

Ta ɗauki dodon tana jujjuyawa, ɗanyen fentin na ɓata mata lalle.

"Baffana ya rantse ba zai ba mai fentin aljanu 'yarsa ba." Burushin ya tsaya cak a hannun Hambali. Ba ta ɗago ido ba. "Sai dai tun da nake, ban taɓa ganin an durƙusa masa ya iya faɗa ba. Yana shago har la'asar."

Ya ɗan jima kafin ya gane. Ya miƙe zumbur, gwangwanin ruwan burushi ya kife.

"Malam, wanke hannu tukuna, ka sa hula," ta ce tana dariya, ta ja kujerarsa. "Ni zan tsare maka dodannin."