Kukan Moton Bilal

"Cire sabuwar matatar nan, maigida," in ji Inusa, da jin an tada moton.

Bakaniken ya ɓata rai. "Wannan matatar iskar wankewa ake yi a maida, shekaru za ta yi maka. Ta kamfani kuwa, hanyar Tsibiri na toshe ta sai yarwa."

"Na sani. Amma ta canza kukan injin."

"To, kukan za ka hau?"

Inusa ya sunkuyar da kai. "Moton ƙanena Bilal ne, bara ya rasu. Innarmu ba ta gani, tsufa kuma ya mantar da ita rasuwar. Kullum da marece nakan shiga gida da shi. Sai ta ji kukan nan take yarda ta ci tuwo, wai autanta ya dawo."