Manomin da Ya Shuka Yashi

Irmiya, matso kusa. An ce mini tun da abin nan ya faru ka daina zuwa sujada, ko a hanya ka hango ɗan ikilisiya sai ka ratse. Ni fastonka ban kira ka don faɗa ba, wanda ya faɗi ai ƙasa ta riga ta yi masa faɗa. Misali kawai zan ba ka.

An yi wani manomi, mutumin kirki, ba kuma rago ba. Da kaka ya zaɓi zangarkun dawa masu kyau, ya ɗaure damin iri, ya rataye a rufin madafa inda hayaƙi zai tsare shi daga ƙwari. Sai dai hanyarsa ta kasuwa ta ƙofar mai burukutu take bi, ita kuwa ba ta ƙin karɓar hatsi a madadin kuɗi. Ranar farko zangarniya ɗaya ya zare daga tsakiyar damin, ya ce wa ransa ɗaya me za ta rage. Gaskiyarsa, ɗaya ba ta rage komai. Ita jaraba ai ba ta taɓa cewa ka kawo dami, ɗaya take roƙo, gobe ta sake roƙon ɗaya. Haka rani ya wuce yana zara daga ciki, yana cusa kara a gurbin, dami na nan da girmansa a ido. Ranar da ruwan shuka ya sauka ya sauke damin a ɓoye, abin da ya sussuke bai cika tafin hannu ba.

To, yana da maƙwabci, wani tsoho da gonarsu ke iyaka ɗaya, wanda ba a taɓa roƙonsa iri ya hana ba. Da ya je ya faɗa, da magana ta ƙare. Amma kunya ta riƙe masa ƙafa. Sai ya ce wa matarsa ta huta, bana shi kaɗai zai yi shuka. Ya biya ta rafi ya cika ƙoƙo da yashi, ya ɗauki sungumi ya shiga gona. Ya sara, ya jefa yashi, ya take da diddige, layi bayan layi. Masu wucewa suna yi masa sannu da aiki, yana amsawa. Wannan wurin ne ya fi ba ni tausayi, domin gumin da ya zubar bai gaza na kowa ba, alhali ya san abincin 'ya'yansa na shekara ne yake binnewa.

Da kwanaki suka yi, gonar kowa ta yi kore, tasa fayau. Ya ɗora wa zabi laifi, ya ɗora wa ɓeraye. Matarsa ta yarda, har tana ba shi haƙuri, haƙurin nan kuwa ya fi zagi yi masa ciwo. Tuwo ya daina wuce masa. Wata safiya tsohon ya tarar da shi zaune a bakin gona ya yi tagumi. Tsohon ya sunkuya ya tona rami ɗaya, sai ga farin yashin rafi a cikin jar ƙasa. Ya mai da ƙasar ya rufe, ya zo ya zauna kusa da shi, ya ce, "Ɗana, me ka shuka?"

Manomin ya dubi ramin da aka rufe. Can ya ce, "Yashi, Baba. Irin kuwa na shanye shi." Ya fashe da kuka.

Tsohon ya bari har ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ranar ruwan farko ka zo, da dawa na ba ka. Yanzu lokacinta ya wuce, ba zan ruɗe ka ba. Amma ina da dauro, geron nan da ake dasawa, a bayan gida, ya isa dashe. Tashi ka gaya wa matarka da bakinka, gobe ku zo da kwando."

Gaya wa matar ya fi dashen wuya, amma ya gaya mata. Ta yi kuka, ta yi fushi, washegari kuma ita ta ɗauki kwandon. Rumbunsu bai cika ba a shekarar, tuwon dawa sai dai su ji ƙanshinsa a maƙwabta, amma ba wanda ya kwana da yunwa. Da kaka ta zagayo ya miƙa mata irin, ta zuba a tulu da toka ta liƙe bakin da laka. Shi kuma ya sake hanyar kasuwa, ko da yake sabuwar ta fi nisa, don ya san ƙarfinsa.

Irmiya, shanye irin nan zunubi ne, ban rage masa komai ba, naka ma haka. Amma abin da ya kusa kashe gidan nan yashin ne. Ubangiji Yesu ya riga ya tona raminka ya gani, in ya tambaye ka me ka shuka ba don bai sani ba ne. So yake ka faɗa, ya ba ka dashen da ba kai ka shuka ba, shi ne muke kira alheri. Akwai abin da ya wuce ka, kuma zai yi maka zafi, amma damina ba ta ƙare ba. Shi mai gafara yana tsaye da ruwan wanka, kai ake jira. Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.