Tarin Tsohuwar Salansa

Ƙanena, tunda ka ce gobe za ka kai motarka a sauya mata salansa don ta ƙara ƙarfi, ba zan hana ka ba, motarka ce. Amma zauna in ba ka misalin wani direba, in ka ji sai ka yi abin da ka ga dama.

Direban nan ya gaji wata tsohuwar mota a wurin mahaifinsa, yana jigilar fasinja da ita tsakanin birni da kasuwannin ƙauye. Salansarta ta huje tun zamanin uban, aka liƙe hujin da gwangwanin madara, aka ɗaure da waya. Saboda haka in ta kama hawan tudun da ke bakin garinsu sai ta riƙa tari kamar tsoho mai shan taba, ta yi biyu a jere, ta ja numfashi, ta sake. A gidan farko bayan tudun mahaifiyarsa take. Shi ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ne masu kunya, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba. In za ta ambace shi sai ta ce "mai motar nan". Amma duk yammacin Alhamis, da ta jiyo tarin nan daga tudu, sai ta tashi ta dama fura da hannunta, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma gefe kamar ba ita ba. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya shanye furar. Iyakar zancensu ke nan, kuma ya ishe su.

Da tsufa ya kama ta sai idonta ya tafi, daga baya hankalin ma ya fara bin sa. Ta manta sunayen jikokinta, ta daina bambanta muryoyin mutanen gidan. Abu ɗaya ne bai gushe mata ba, tarin motar nan, don tun tana amarya take jin sa yana dawo mata da miji, daga baya yana dawo mata da ɗa. Da ta ji shi sai fuskarta ta washe, ta laluba ƙwarya da ludayi.

Shi kuwa direba abin da ke cin ransa daban ne. Sababbin direbobi suna wuce shi a kan tudu suna ɗaga masa hannu, a tasha kuma ana yi masa ba'a wai a kai motarsa asibiti a duba mata ƙirji. Aka ba shi shawara ya sa salansa mai faɗin bututu, irin mai baki biyu, wadda ke barin inji ya yi numfashi sosai. Ya ce wa kansa ai don ya riƙa isa wurin tsohuwa da wuri ne. Ka san mutum, in yana son abu ba ya rasa dalili mai kyau da zai jingina shi a kai. Mai walda ya yanke tsohuwar salansar ya jefa ta bayan gareji, ya ɗora sabuwa fara fat. Gaskiya kuma ta yi aiki: motar ta haye tudun nan da giya uku tana ruri, yara suna bin ta da ihu.

Ya tsaya a ƙofar gida yana jin kansa, ya shiga. Babu ƙwarya a bakin ƙofa. Tsohuwa tana zaune, ta toshe kunnuwanta da tafin hannu saboda rurin da ya firgita ta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa da ladabin da ake yi wa baƙo, ta sa aka kawo masa ruwa. Da ya tashi tafiya sai ta ce, "Bawan Allah, tunda kai ma matafiyi ne, in ka gamu da mai motar nan a hanya, ka ce masa ana cigiyarsa."

Washegari da sassafe yana bakin gareji, amma masu sayen tsofaffin ƙarafa sun riga sun ɗauke tsohuwar salansar, sun haɗa da lodin da aka tura narkarwa. Ya sayi tsofaffin salansa iri-iri, ya huda su da ƙusa, ya liƙa gwangwani, ya ɗaure da waya. Kowace ta yi nata tarin, babu wadda ta yi wancan. Tsatsar shekaru ce ta yi muryar, kuma ba a sayar da ita a kasuwa. Har yau duk Alhamis yana hawa tudun nan a hankali da gangan, yana sassauta ƙafa ko motar za ta yi tari. Tsohuwa kuwa yanzu tun la'asar take dama furar, ta rufe, ta zauna tana karkata kunne wajen tudu. Shi yana zaune kusa da ita, kewarta na cin sa, ita kuma kewarsa na cin ta. Wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwaryar, ta ji motsin faifai, ta dafe shi ta ce, "Yi haƙuri, baƙo, wannan da mai ita."

To ka ji, ƙanena. Motar ta samu ƙarfin da yake nema, in ya taka ta babu wanda ke wuce shi a tudu. Irin wannan ne Hausawa suke cewa garin neman gira an rasa ido.