Tukwicin Goro a Ƙofar Coci

Ina ɗan shekara bakwai Inna ta riƙe hannuna tun daga unguwarmu ta Zango har cocin da ke unguwar Osu. Mu kaɗai ne Hausawa a ciki. Malamin cocin, wani tsoho ɗan ƙabilar Ga, ya yi wa'azi cewa ceto kyautar Allah ce, aikin kirki ba ya sayen ta, da bangaskiya kawai ake karɓa.

Da aka tashi, Inna ta kwance bakin zanenta, ta fito da farin goro guda, ta durƙusa ta miƙa masa.

Ya ja da baya. "'Yata, ba ki ji ba? Ba a biya."

"Na ji, Baba. Wa ya isa ya biya Allah? A wurinmu in an aiko maka da kyauta, ɗan aike kake ba tukwici don murna. Kai aka aiko."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Ya ɓare goron ya gutsuttsura wa jama'a, har ni. Ɗaci ya sa na yamutsa fuska, sannan zaƙi ya biyo baya.

Yau jikokina suna mamakin yadda ba na zuwa coci sai da goro a aljihu. To, ai kowace Lahadi sai an aiko.