Ginshiƙin da Ya Yi Ganye

Kafintan bai taɓa musun cewa shi malalaci ne ba, amma bai zaci lalacinsa zai yi ganye ba.

Tun da gara ta kada ginshiƙin kakanni na tsakar gida, wanda mahaifiyarsa ke ɗaura wa ƙyalle tana kai masa kukanta, tsohuwar ta kwanta, ta ƙi abinci. Ta ce gidan ya mutu. Maimakon ya sassaƙa busasshen katako, sai ya zaro ɗanyen itace daga shinge ya kafa a gurbin.

"Wannan ai sandar shanya ce," in ji ta.

Yau, bayan saukar damina, ga ganye kore shar a kansa. Tsohuwa ta fito tana dafa bango, ta shafa shi.

"Kakanni sun karɓa. 'Yar nan, zubo min abinci."

Matarsa ta harare shi. "Maigida, gaya mata mana."

"Bari ta cinye tukuna."

Ta cinye, ta nemi ƙari. Shi ma ya faki ido ya ɗaura nasa ƙyallen.

A bayan ɗaki kuwa, itatuwan shingen duk sun yi ganye, kamar kowace shekara.